Injin naushi: makin yana ƙugunka, ba a ƙwanjinka ba

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Facebook, da wuya a ce ba ka ci karo da irin bidiyon nan ba. Wani ƙaton saurayi ya tsaya gaban inji mai walƙiya da fitilu, ƙwallon fata na rataye daidai fuskarsa, ya ja da baya, ya kai masa naushi, sai lambobi su hau gudu a allo har su tsaya a 870 ko 920, abokai su ɓarke da ihu. Daga nan sai musu ya koma majalisa. Wannan ya ce ai wane ya fi shi, wancan ya ce da shi ne da sai ya fasa injin.

Ni ma na sha yin wannan musun. Abu biyu suka raba ni da shi: abin da ya sami ɗan kawuna a Kano bara, da kuma wata biyu da na kwashe ina haɗa irin wannan injin da hannuna a nan Anka. Abin da na tsaya a kai yanzu shi ne, mai son maki mai yawa ya koyi tsayuwa da juya ƙugu, ya bar zancen ƙwanji. Kuma lambar da ke fitowa a allon, kada ya ɗauke ta shaidar komai da zarar ya bar gaban wannan injin guda.

Bari in fara da labarin Kano.

Mun je ne in sayo batirin kwamfutata da wasu tarkace a Farm Centre, shi kuma ya rako ni don bai taɓa shiga birnin ba. Dako yake yi. Buhun gero ko na wake, shi kaɗai yake ɗora shi a kafaɗa ya hau da shi mota. Da yamma muka shiga wani wurin wasanni, irin waɗanda ake kai yara da Sallah, muka tarar da injin. Naira ɗari biyar bugu ɗaya. Na buga na samu 540 da 'yan kai, ban ji haushi ba, don ni aikina zaman kujera ne. Shi ya tuɓe hula ya buga, aka ba shi 610. Yana cikin mamaki sai yaron da ke karɓar kuɗi, siriri da shi, wanda na tabbata bai kai nauyin buhun wake ɗaya ba, ya zo ya tsaya, ya ɗan karkace, ya saki hannu kamar ba da gaske yake ba. Allo ya nuna 880.

Ɗan kawuna ya ce sam, akwai maguɗi. Ya sake biya, ya ja baya taku biyar, ya taho a guje. Hannun ya goce, gefen ƙaramin yatsa ya sami saman ƙwallon, wajen da ƙarfe yake. Maki 430 aka ba shi. Kafin mu kai masauki bayan hannun ya kumbura suntum, hoton ƙashi kuma ya nuna karaya. Kusan wata biyu bai ɗauki buhu ba, ga mata ga yaro. Wasan naira dubu ɗaya ke nan.

A hanyar dawowa, tun daga Funtuwa har Gusau, abin da ke yi mini yawo a kai shi ne yaron nan. Me ya sani wanda mu ba mu sani ba?

Abin da ke cikin akwatin

Yawancin waɗannan injinan ba su da wani abin auna ƙarfi a cikin ƙwallon. Ƙwallon yana maƙale ne da sandar ƙarfe, sandar kuma tana juyawa a kan maƙali kamar ƙofa. In ka buga, sandar ta wulwula sama ta shige cikin akwati. A jikinta akwai ɗan faranti ko ɗan ƙyalle na ƙarfe, wanda yake ratsawa ta tsakanin wata ƙaramar sensa mai baki biyu: ɗaya yana fitar da hasken da ido ba ya gani, ɗayan yana karɓa. Farantin ya tare hasken, sannan ya wuce. Kwamfutar injin tana ƙirga tsawon lokacin da aka yi hasken yana tare. In lokacin gajere ne, sandar ta zo da gudu, maki ya yi sama. In ya yi tsawo, maki ya yi ƙasa. Iyakar abin ke nan. Agogo ne aka yi wa ado da fitilu da kiɗa.

Kamfanoni irin su Kalkomat da Jakar na ƙasar Folan, da Andamiro na Koriya ta Kudu mai Dragon Punch, duk suna ƙera irin waɗannan, ga kuma tarin na Chaina da ba a ma san sunan masu yin su ba. Kowa da tsayin sandarsa, da nauyin ƙwallonsa, da ƙarfin sifirin da ke riƙe shi, da lissafin da ya rubuta a ciki.

Da na karanta wannan sai na ce ai ni ma zan iya. Na sa aka aiko mini da Arduino Uno daga Kano. Sensar kuwa a cikin wata matacciyar firinta na cire ta, don irin ta ce firinta ke amfani da ita wajen gane takarda ta shigo. Wani mai walda ya haɗa mini bututun ƙarfe da maƙalin ƙofa, muka cusa tsummoki a tsohuwar ƙwallon ƙafa muka ɗaure a bakin bututun. Faranti na yanka daga murfin gwangwani, faɗinsa santimita 2. Wuta kuma fawa-bank ce, don kowa ya san yadda muke da lantarki a nan.

Yanzu ga lissafin. In farantin ya ratsa da gudun mita 4 a daƙiƙa, zai tare hasken na milisakan 5, wato kashi biyar cikin dubu na daƙiƙa ɗaya. In ya ratsa da gudun mita 5, milisakan 4 ne. Bambancin da ke tsakanin bugu mai kyau da bugu mai matuƙar kyau bai wuce milisakan ɗaya ba. Arduino yana iya ganin wannan cikin sauƙi, don agogonsa yana ƙirga har kashi huɗu cikin miliyan na daƙiƙa.

Amma wa zai ce milisakan 4 maki nawa ne? Ni ne. Ni na zauna na rubuta layin da ke cewa kaza ya zama 999, kaza ya zama 100, abin da ke tsakani a raba. Ranar da na fara gwadawa, ƙanena ya buga ya samu 620, ya ɓata rai. Na ce masa je ka sha ruwa ka dawo. Kafin ya dawo na sauya lamba ɗaya a cikin manhajar. Ya buga irin bugun ɗazu, allo ya ba shi 910. Yini ya yi yana ba abokansa labari. Har yau ban gaya masa ba, sai dai in ya karanta wannan.

Na kasuwa ma haka suke. Akwai saiti a ciki da mai injin zai iya buɗewa ya sauƙaƙa ko ya tsananta. In yana son yara su riƙa jin daɗi suna ƙara biya, ya sassauta. In akwai kyauta ga wanda ya karya tarihi, ya ɗaure. Ga kuma tsufa: sifirin ya saki, iskar ƙwallon ta ragu, ƙura ta taru a bakin sensa, musamman da hunturu. Saboda haka 900 ɗin da wani ya samu a Dubai, da 900 na Abuja, da 900 na ƙanena, suna ne kawai ya zo ɗaya. Lambar ba kilo ba ce, ba mita ba ce, ba ta da ma'auni.

Ko manyan ma ba su tsira daga wannan ba. An yi ta yaɗa cewa Francis Ngannou, ɗan Kamaru da ya tashi yana haƙar yashi tun yana yaro kafin ya zama zakaran UFC, ya samu 129,161 a na'urar PowerKube. Shugaban UFC, Dana White, har ya kwatanta naushin da a ce mota ƙirar Ford Escort ta buge ka. Ita wannan na'urar daban ce da ta wurin wasa, tana da abin auna bugu na gaske a jikinta, kuma ba wanda ke shakkar cewa Ngannou yana da hannu. Duk da haka, 129,161 na mene ne? Ma'auni ne da kamfanin ya tsara wa kansa. Za ka iya gwada shi da na wani wanda ya bugi irin na'urar, iyakarsa ke nan.

To in haka ne, me ya sa nake cewa a koyi dabara? Saboda a gaban inji ɗaya, rana ɗaya, saiti ɗaya, lambar ba ta ƙarya game da abu guda: wa ya fi tura ƙwallon da gudu. Yaron Kano bai taɓa saiti ba tsakanin bugunmu da nasa. Ya fi mu ne da gaske.

Abu biyu ne ke tura ƙwallo

Na farko gudun hannunka a daidai lokacin da ya taɓa fatar. Na biyu, yawan nauyin jikinka da ke bayan hannun a wannan lokacin. Wannan na biyun shi ne inda ƙattai ke ruɗewa, don suna zaton duk kilonsu yana shiga cikin naushin.

A 2005 wasu masu bincike a Amurka, Walilko da Viano da Bir, sun auna naushin 'yan dambe bakwai da suka kai matakin gasar Olamfik. Matsakaicin gudun hannunsu ya kai kusan mita 9 a daƙiƙa, wato wajen kilomita 33 a sa'a. Ƙarfin bugun kuma kusan niyuton 3,400, kamar a ɗora maka buhun taki bakwai a muƙamuƙi na ɗan ƙiftawar ido. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne nauyin da ke bayan naushin: kilo 2.9 kacal a matsakaici. Ƙwararru ke nan. Mutum mai kilo 70 ko 90, abin da ya isa ga abin bugun bai kai kilo uku ba. Kuma sun lura cewa riƙe wuyan hannu da tauri yana cikin abin da ke ƙara wannan nauyin.

Mu yi ɗan lissafi na sauƙi, irin na ajin sakandare. A ce ƙwallo da sandarsa sun kai kilo 3, hannu kuma yana zuwa da mita 9 a daƙiƙa. Wanda wuyan hannunsa ya lanƙwashe, ya kawo kilo ɗaya da rabi kawai, zai tura ƙwallon da gudun mita 3. Wanda ya kawo kilo 3, mita 4.5. Wanda ya kawo kilo 6, mita 6. Wanda ya kawo kilo 9, mita 6.75. Ka lura da yadda ribar ke raguwa? Daga farko ƙarin kilo ɗaya da rabi ya ba da ƙarin mita ɗaya da rabi. Daga ƙarshe ƙarin kilo uku bai ba da ko mita ɗaya ba. Ƙwallon ba shi da nauyi, yana guduwa ne tun kafin jikinka ya gama isowa. Shi kuwa gudun hannu, duk kashi goma cikin ɗari da ka ƙara, kashi goma za ka gani a ƙwallon.

Wannan shi ya kayar da ɗan kawuna. Ƙarfinsa na ɗaga buhu ne, ƙarfin da ke zuwa a hankali ya daɗe. Ya ɗaure jijiyoyi tun daga farko, ya tura ƙwallon kamar mai tura motar da ta maƙale a laka. Injin kuwa milisakan yake ƙirgawa.

Daga ina gudun yake fitowa? Akwai wani tsohon bincike na Tarayyar Sobiyet, na Filimonov da abokan aikinsa a 1985, da masu horar da 'yan dambe ke yawan ambata. A wajen ƙwararru, sun ƙiyasta cewa kusan kashi 38 cikin ɗari na ƙarfin naushi daga turin ƙafar baya yake, kashi 37 daga juyin gangar jiki, kashi 24 kawai daga miƙa hannu. A wajen 'yan koyo kuwa kason hannu ya fi haka yawa, na ƙafa kuma ya ragu sosai. Wato kashi uku cikin huɗu na aikin yana ƙasa da kafaɗa, wurin da ba wanda ke ɗauka a hoto ya ɗora a Instagram.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a ƙasarmu

Ina cikin wannan karatun ne na ga wautata. Ina ta sauke takardun Turawa da 'yar datata, alhali ga dambe a ƙofar gida. Mun tashi muna jin waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago. Yau ma in ka buɗe YouTube ga Dambe Warriors, ga wasannin gidan damben Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja, ga na Ado Bayero Square a Kano, Kudu da Arewa da Guramada da Jamus suna ta gwabzawa.

Akwai wani dattijo mahauci a unguwarmu da ya yi dambe da ƙuruciya, lokacin da ake yawon dambe gari-gari bayan kaka. Na roƙe shi ya zo ya ga abin da na haɗa. Ya zagaya shi sau biyu, ya ce in buga ya gani. Na buga. Ya girgiza kai.

“Yaro, wa yac ce maka da hannu aka dambe? Da ƙahwa aka kashe mutum. Hannu ɗan aike na.”

Ga wanda bai san dambe ba, kisa a nan kayarwa ce, a kai mutum ƙasa. Na ce, “To Baba, gwada mini.” Ya cire babbar riga, ya buɗe ƙafafu, hagu a gaba, ya miƙa tafin hagu kamar garkuwa, dama tana can baya wajen ƙugu. Ban ga lokacin da hannun ya tafi ba. Abin da na gani shi ne dunduniyarsa ta dama ta juya a ƙasa har ta bar shaida a rairayi. Mutumin da ya haura sittin ya wuce ni da maki kusan ɗari biyu, a saiti ɗaya. Ya mai da rigarsa ya ce, “Abokin karawar da ba ya ramawa, ai ko tsohuwa na kashe shi.”

Abin da zan faɗa yanzu haɗi ne na abin da ya nuna mini da abin da na gwada da sensata, bugu bayan bugu, ina rubuta lokacin kowanne.

Tsayuwa ita ce farko. In kai badame ne, ƙafar hagu a gaba, ta dama a baya, tazararsu ta ɗan wuce faɗin kafaɗu, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe. Kada ka tsaya ƙwallon yana kallon hancinka. Matsa hagu kaɗan, yadda kafaɗarka ta dama za ta zo saitinsa idan ka juya. Bahago ya juya komai.

Sai tazara, kuma a nan ne na fi ganin mutane suna zubar da maki. Yawancinmu muna tsayawa nesa, sai hannu ya gama miƙewa daidai lokacin da ya taɓa fatar. A wannan lokacin kuwa hannun ya riga ya fara rage gudu, don jiki da kansa yake taka birki kada gwiwar hannu ta goce. Matso kusa. Ka ɗauka abin da kake son bugu yana bayan ƙwallon da kamar taƙi ɗaya, ƙwallon kawai ya tsaya maka a hanya. A injina, wannan gyaran shi kaɗai ya fi kowane tasiri, kuma bai buƙatar ko kwana ɗaya na motsa jiki.

Sannan jerin motsin. Nauyi ya fara zama a ƙafar baya. Ka tura ƙasa da tafin ƙafar, dunduniya ta ɗaga ta juya waje, gwiwa ta shigo ciki, ƙugu ya juya, ƙirji ya biyo, kafaɗa ta biyo, hannu ne na ƙarshe. Duk wanda ya taɓa harba dutse da majajjawa yana koron tsuntsaye a gonar gero ya san wannan a jikinsa: igiyar ba ta da ƙarfin komai, juyin ne ke ba dutsen gudu. In hannu ya riga ƙugu tafiya, ka zubar da kashi uku cikin huɗun nan.

Abu mafi wahala a gare ni shi ne sakin jiki. Kana son ka buga da ƙarfi, sai ka cije baki ka ɗaure damtse tun kafin ka motsa. Jijiyar da ke ɗaure ba ta sauri. Ka bar kafaɗa da damtse a sake, yatsu a dunƙule amma ba a matse ba, sai a ƙarshen tafiyar ka damƙe su tamau, ka fitar da numfashi. Makonni na yi kafin wannan ya zauna mini. Abin haushi, bugun da na fi samun maki da shi, shi ne wanda nake ji kamar ban yi komai ba.

Wurin bugu kuma, tsakiyar ƙwallon, inda ya fi kauri. Bugun da ya sami gefe yana sa ƙwallon ya murɗa, kuma sensa ba ta ganin murɗawa, gudun sandar kawai take gani. Na sama kuwa shi ne haɗari, don nan ƙarfe yake. Ka buga da gaɓoɓin manuniya da yatsan tsakiya, bayan hannu da sangalin hannu su zama layi ɗaya, babban yatsa a waje yana kwance kan sauran. Cire zobe da agogo.

Maganar gudu daga nesa

Na san abin da wani zai ce: ai a bidiyo masu karya tarihi duk da gudu suke tahowa, wasu ma da tafi suke marin ƙwallon, wasu da hannu biyu. Gaskiya ne, kuma ba zan ce ba ya ƙara maki ba. In kana tafe da gudun mita biyu ko uku a daƙiƙa, wannan gudun yana iya haɗuwa da na hannunka. Amma sai ƙafarka ta sauka daidai wurin da ya kamata, a daidai lokacin da ya kamata. Masu bidiyon sun buga sau ɗari kafin su ɗora guda ɗaya. Kai da ka biya kuɗin bugu biyu, ga mutane na kallo, ga zuciya ta ɗebe ka, abin da ya fi yiwuwa shi ne ka goce.

In ka goce da naushin da ya zo daga gefe, ƙashin bayan hannu da ke riƙe da ƙaramin yatsa ne ke karɓar bugun, kuma siriri ne. Karayarsa ta yi yawa har likitoci suna kiranta karayar ɗan dambe, duk da cewa ƙwararrun 'yan dambe ba su cika yin ta ba, sai masu naushin bango cikin fushi da irinmu. Ka duba ɗan damben gargajiya kafin ya shiga fili: sai an naɗe masa hannu da tsumma, an ɗaure da kara tamau har wuyan hannu. Mu kuma da hannu tsirara muke zuwa gaban ƙarfe.

Matsalar ta girmi TikTok. A 1990 kamfanin Taito na Japan ya fitar da injin Sonic Blast Man, wanda ake naushin wani matashi da ke jikinsa. A Amurka aka samu kusan mutum 70 da suka ji rauni ko suka karye a hannu, aka janye injin, kuma a 1996 kamfanin ya amince ya biya tarar dala 50,000 saboda rashin kai rahoton raunukan ga hukuma. Can akwai hukumar da ta bi maganar. A nan in ka karye, kai da aljihunka ne, ko dai maɗori ko doguwar tafiya neman hoton ƙashi, a kan hanyoyin da kowa ya san halin da suke ciki. Kuma mu duka da hannu muke ci: mai dako, mai kabu-kabu, tela, mai gyaran waya, har ni mai danna kwamfuta.

Ga kuma abin da na fara gani a wasu bidiyoyi, samari suna ajiye kuɗi, wanda ya fi maki ya kwashe. Wannan caca ce, kowa ya san hukuncinta. Ko a bar wannan gefe, wauta ce ka sa kuɗinka a kan lambar da mai injin ke iya juyawa da ɗan makulli.

Wayarka za ta iya taimaka maka, amma ba ta hanyar da kake zato ba

A Play Store akwai manhajoji da ke cewa ka riƙe waya ka kai naushi a iska su gaya maka ƙarfinka. Kada ka ɓata datarka. Sensar motsi ta yawancin wayoyi tana da iyakar abin da take iya ji, kuma naushi mai sauri yana iya wuce iyakar, sai manhajar ta ƙago lamba ta ba ka. Ga shi kuma waya na iya suɓucewa ta daki bango. In kana son ganin ainihin abin da sensar wayarka ke karantawa, akwai phyphox, kyauta ce, wata jami'a a birnin Aachen na Jamus ta yi ta don ɗalibai.

Abin da ke da amfani shi ne kyamara. Wayoyi da yawa, har da wasu Tecno da Infinix masu matsakaicin kuɗi, suna ɗaukar bidiyo mai tafiya a hankali, hoto 120 ko 240 a daƙiƙa. Jingine wayar a gefenka yadda za ta ɗauke ka daga kai har ƙafa, ka rataye buhu da ka cika da tsumma ko ƙaiƙayi, ba yashi ba, ka naɗe hannu, ka buga sau biyar. Sannan ka kalla hoto bayan hoto. Dunduniya ce ta fara motsi ko hannu? Gwiwar hannu ta miƙe kafin ka taɓa buhun? Wuyan hannu ya lanƙwashe? Ranar da na fara kallon nawa, na ga ƙafata ta baya ba ta ko motsa ba, kamar an kafa ta da ƙusa. Na yi ta tunanin ina juya ƙugu, ashe kafaɗa kawai nake jefawa. Bayan wata ɗaya na tashi daga wajen milisakan 6 zuwa ƙasa da 5, ban ƙara ko kilo ɗaya ba.

Injin nawa yana nan a zauren gidanmu, na naɗe bututun da soso da robar tayar babur tun daga sama har ƙasa. Yanzu ina gyara manhajar yadda allon zai riƙa nuna abu biyu, makin da yara ke so, da ainihin gudun ƙwallon a mita cikin daƙiƙa a ƙarƙashinsa, lambar da ba zan iya taɓawa ba sai in na yi ƙarya da gangan. Wani abokina a Gummi ya ce in ya kammala in haɗa masa ɗaya ya ajiye a shagonsa na cajin waya kafin Sallah, na ce sai da safar dambe a rataye a jiki, kuma da zane a ƙasa wanda ba a ja da baya a wuce shi. Ɗan kawuna ya koma dako. Gaɓar ƙaramin yatsan ta ɗan nutse, ba ta fitowa in ya dunƙule hannu. Yana zuwa ya zauna yana kallon yara suna bugu, yana gyara musu tsayuwa, amma shi har yau bai taɓa ƙwallon ba.